Koyar da Tarihin Najeriya a Gida ga Yara Masu Bambancin Shekaru: Tambayoyi da Amsoshi kan Zaɓen Kayan Karatu

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi maimaituwa a bakin iyayen da suka ƙuduri aniyar koya wa 'ya'yansu tarihin Najeriya da kansu. An yi la'akari da gidan da ke da yara uku ko huɗu, tun daga wanda bai daɗe da shiga firamare ba har zuwa wanda ke dab da kammala sakandare.

Me ya sa iyaye za su ɗora wa kansu wannan nauyi, alhali akwai makarantu?

Domin an daɗe ba a koyar da tarihi yadda ya kamata a makarantun ba. Wajen shekarar 2009 aka cire shi daga jerin darussa masu zaman kansu a firamare da ƙaramar sakandare, aka cusa ɗan abin da ya rage cikin darasin nazarin zamantakewa, kuma sai a 2019 gwamnatin tarayya ta ba da umarnin a dawo da shi. A tsakanin nan ɗalibai da yawa sun gama karatu ba su taɓa zama ajin tarihi ba, kuma wasu daga cikinsu su ne malaman ƙananan azuzuwa a yau. Dawo da darasi a takarda abu ne mai sauƙi, amma samar da malamin da ya san shi yana ɗaukar shekaru.

Ga mazauna Najeriya, ya kamata a tuna cewa dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara, saboda haka a yawancin gidaje karatun tarihi a gida ƙari ne a kan makaranta, kamar yadda ake haɗa boko da Islamiyya. Iyalan da ke zaune a ƙasashen waje kuwa, inda yaro zai koyi tarihin Ingila ko na Saudiyya amma ba zai ji sunan Borno ba, gida ne kaɗai makarantarsu a wannan fanni.

Yarana uku ne, masu shekara 6 da 10 da 15. Sai na sayi littafi daban ga kowannensu?

A'a, kuma yin hakan shi ne kuskuren da ya fi kashe irin wannan karatu. Idan auta yana kan labarin Daura, na tsakiya yana kan mulkin mallaka, babba yana kan yaƙin basasa, uwa ko uba za su zama malaman aji uku a lokaci guda, kuma ba a rufa wata biyu ba za a gaji a daina. Abin da ya fi ɗorewa shi ne a riƙe batu ɗaya ga kowa a mako guda, a bambanta zurfin da kowa zai shiga.

A ɗauki misalin zuwan Turawa Kano a watan Fabrairun 1903. Za a zauna tare a karanta ko a ba da labarin da baki. Mai shekara 6 ya zana ganuwa da ƙofofinta, ya maimaita labarin da bakinsa. Mai shekara 10 ya nemo Zariya da Kano da Sakkwato da Burmi a taswira, ya jera abin da ya faru: Kano a Fabrairu, Sakkwato a Maris, sai shahadar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a watan Yuli. Mai shekara 15 kuwa a ba shi tambayar da manya suka yi ta fama da ita a lokacin: a yi yaƙi, a yi hijira, ko a zauna a yi sulhu domin a tsare jama'a? Ya rubuta shafi ɗaya kan hujjar kowane ɓangare. Abin da ake bukata ke nan: littafi ɗaya da zai zama ginshiƙi, da 'yan kayan taimako a gefensa.

Wane irin littafi ne ya dace ya zama ginshiƙin?

Wanda ya bi tarihin ƙasar a jere daga farko zuwa yau, mai taswirori, wanda iyaye za su iya karanta babi ɗaya cikinsa a dare guda su sake faɗarsa da Hausa washegari. Ginshiƙin na iyaye ne da babban yaro, ba lallai ƙanana su iya karanta shi ba. The Story of Nigeria na Michael Crowder, wanda ya fara fitowa a 1962, har yanzu yana da daɗin karatu domin salonsa na ba da labari ne, sai dai bai kai ga shekarun baya-bayan nan ba. A History of Nigeria na Toyin Falola da Matthew Heaton, na 2008, ya kawo labarin har bayan dawowar mulkin farar hula a 1999, amma ya taƙaita zamanin da sosai. A ganina gidan da zai iya mallakar duka biyun ya gama da batun ginshiƙi.

Groundwork of Nigerian History, wanda Obaro Ikime ya shirya aka buga a 1980, ya fi su zurfi, amma littafin jami'a ne, na dubawa idan wata tambaya ta gagara. Kada a ɗora wa yaro shi. Littattafan firamare da aka rubuta bisa manhajar NERDC, hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, suna da amfani wajen sanin abin da ake sa ran yaro ya sani a kowane aji, amma da yawansu jerin sunaye ne da tambayoyin cike gurbi, ba sa riƙe hankalin yara uku a zama ɗaya.

Akwai littattafan tarihi da Hausa da za a iya dogaro da su?

Akwai, kuma a nan Bahaushe ya yi dace fiye da yadda yake zato. Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, juzu'i biyu da aka shirya a Zariya a farkon shekarun 1930, fassara ce ta tsofaffin rubuce-rubucen Larabci, cikinsu har da Tarihin Kano, wanda ya jero sarakuna tun daga Bagauda har zuwa Sarkin Kano Muhammadu Bello a ƙarshen ƙarni na 19. Akwai Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, da Tarihin Fulani na Wazirin Sakkwato Junaidu, sannan an fassara Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa Hausa, wanda shi shaida ne na mutumin da ya yi yaƙe-yaƙen jihadi da kansa. Hausar waɗannan littattafai tana da tsafta, kuma idan aka karanta su a bayyane yaro yana samun riba biyu, tarihi da harshe.

Sai dai dukkansu tarihin Arewa ne, kuma mafi yawansu tarihin sarakuna ne da yaƙe-yaƙe. Ba su isa su zama ginshiƙi ba; su ne abin da ake ɗaukowa idan ginshiƙin ya iso ƙasar Hausa, a dakata a daɗe a nan. Samunsu ma sai an sha wuya, domin bugu ya yi ƙaranci. A tambayi masu sayar da tsofaffin littattafai a Zariya da Kano da Sakkwato, a kuma duba akwatunan iyaye da kakannin da suka yi makaranta kafin 1980.

Daga ina ya kamata a fara, daga garinmu ko daga zamanin da?

Makonni na farko a ba gida: sunan unguwa daga ina ya samo asali, wace ƙofa ce kakanni suka shigo ta cikinta, wace sana'a aka gada. Wannan yana nuna wa yaro cewa tarihi abu ne da ya faru da mutanen da ya sani. Bayan haka a koma can baya a taho a jere, domin yaron da bai san abin da ya riga wani ba zai ɗauka Sarauniya Amina da Sardauna sun yi zamani ɗaya.

Farkon yana da abubuwan da ƙanana ke so. Akwai kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 a yankin da yake jihar Yobe a yau, wanda shekarunsa sun kai kimanin 8,000. Akwai mutum-mutumin yumɓu na Nok a kudancin Kaduna, da kayan tagulla na Igbo-Ukwu da Ife da Benin. A ja dogon layi a bangon ɗaki ko a takardun da aka manna, a sa 'yan shekarun da za su zama turaku, kamar 1804 da 1903 da 1914 da 1960 da 1999, duk abin da aka karanta a nema masa wuri a layin. Auta ya yi zane, na tsakiya ya rubuta shekara.

Labarin Bayajida da na Sarauniya Amina, tarihi ne ko tatsuniya? Yaya zan koyar da su?

A koyar da su, amma da sunansu na gaskiya, wato abin da magabata suka faɗa game da asalinsu. Ƙaramin yaro a ba shi labarin yadda yake: baƙo daga gabas, rijiyar Kusugu, macijin da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, Daurama, da Hausa bakwai. Ba a bukatar a ɓata masa daɗinsa. Amma daga shekara 11 ko 12 ya kamata ya ji cewa masana irin su Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello sun nuna cewa Hausawa da garuruwansu sun girmi labarin, kuma labarin ya fi bayyana yadda masarautu suke kallon dangantakarsu da juna fiye da yadda aka kafa su. A tambaye shi: wa ya amfana da a kira wasu ƙasashe, kamar Nufe da Kabi, Banza bakwai, kuma yaya Banufe ko Bakabe zai ji wannan suna?

Batun Amina ya fi dacewa da babban yaro, domin a nan zai ga madogara biyu sun saɓa. Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarki Dauda, a farkon ƙarni na 15, yayin da wasu masana, bisa jerin sarakunan Zazzau, suke sanya ta a ƙarni na 16. Littafin da ya kawo shekarar haihuwarta da ta rasuwarta daidai-wa-daida ba tare da ya faɗi inda ya samo su ba, a yi hattara da sauran abin da ya ƙunsa. Wannan yana da alaƙa da tambayar da ke biye.

Yaya zan gane littafin da ke da son rai?

Kowane littafi yana da inda marubucinsa ya tsaya, saboda haka abin nema shi ne a san wurin. Akwai gwaji guda uku da ake iya yi a tsaye a kantin littattafai. Na farko, a buɗe inda aka yi maganar kogin Kwara: idan an ce Mungo Park ne ya gano shi a 1796, ba tare da an ce Turawa ne ya gano wa ba, to marubucin yana kallon ƙasar daga cikin jirgin ruwa ne, domin masunta da fatake sun yi ƙarnoni suna bin kogin. Na biyu, a duba yadda aka kira waɗanda suka yi tsayayya da mulkin mallaka, kamar mutanen Satiru a 1906 ko matan Aba a 1929: 'yan tarzoma aka ce da su, ko an faɗi abin da ya tunzura su? Na uku, a ƙirga shafukan da aka ba kowane yanki.

Littattafanmu na gida ma ba su kuɓuta ba. Mafi yawan abin da muka sani game da jihadin 1804 daga alƙalamin waɗanda suka yi nasara ya fito, wato Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Bello da 'yarsa Nana Asma'u. Rubuce-rubucensu taska ce da babu irinta, amma Gobirawan da suka bar Alkalawa bayan 1808 suka kafa Tsibiri, da Katsinawan da suka koma Maraɗi, suna da nasu labarin, kuma zuriyarsu na nan a Jamhuriyar Nijar. Haka kuma Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Borno ya yi musayar wasiƙu da Bello yana ƙalubalantar hujjar yaƙar Borno. Babban yaro ya san wannan muhawara. Ba za ta rage masa girmamawa ga Shehu Usmanu ba, za ta nuna masa cewa malaman wancan zamani da hujja suke magana. Shi kansa Abdullahi ya koka da yadda wasu mabiya suka karkata ga neman duniya tun yaƙin bai ƙare ba.

Dole ne yarana su koyi tarihin Kudu? Ai ba su gama sanin na gida ba.

Dole ne, idan tarihin ƙasa ake nufi. Yaron da ya san Muhammadu Rumfa da Mai Idris Alooma amma bai taɓa jin daular Oyo ba, ko yadda Turawa suka kama Legas a 1861, suka ƙone Benin a 1897 suka kwashe kayan fadarta, ba zai fahimci abin da aka haɗa ranar 1 ga Janairun 1914 ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a bi fatake: goro daga kudu da Gwanja, kanwa da fata da tufafin Kano daga arewa, dawakin da Oyo take saye domin rundunarta, sannan jirgin ƙasa da ya iso Kano ya mai da gyaɗa abin fitarwa. Kada kuma a tsallake tsakiyar ƙasar, wato Jukunawa da Nufawa da Tibi da Igala da al'ummomin Filato, domin su littattafan Arewa da na Kudu duka suka fi mantawa da su.

Bauta, juyin mulkin 1966 da yaƙin basasa fa? A gaban ƙananan yara za a yi maganarsu?

A nan ne kawai nake ba da shawarar a raba zama. Ƙarami ya ishe shi ya san cewa an taɓa sayar da mutane kuma zalunci ne, an kuma taɓa yin yaƙi tsakanin 'yan ƙasa ɗaya daga 1967 zuwa 1970, mutane da yawa suka mutu, musamman yara saboda yunwa. Sauran bayani a bari sai ya kwanta ko ya fita wasa.

Da manya kuwa a faɗi gaskiya duka. Bauta ba ta tsaya a bakin teku ba. An yi ta a ƙasar Hausa, da rinji (ƙauyen bayi masu noma) da kasuwannin bayi da ayarin da ke tsallaka Sahara. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, na 1934, ƙagaggen labari ne, amma ya nuna yadda ake sace yaro a raba shi da uwarsa fiye da yadda littafin makaranta zai nuna. Baba ta Karo, wata dattijuwa da ta rayu a ƙasar Kano da Zazzau, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta aka buga shi a 1954, ta ga harin bayi da zuwan Turawa da idonta, kuma muryar mace ce a fagen da maza suka cika. Game da 1966, yaro ya san an kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Akintola da Birgediya Zakariya Maimalari a juyin mulkin 15 ga Janairu, ya kuma san an kashe Janar Ironsi a na watan Yuli, an kuma kashe dubban 'yan kabilar Ibo a garuruwan Arewa a wannan shekara. Littafin da ya faɗi rabi ya ɓoye rabi, ko daga wane ɓangare ya fito, a haɗa shi da wani kamar yadda aka bayyana a amsar son rai.

Ban da littattafai, me kuma za a yi amfani da shi?

Abin da ya fi haɗa yara masu bambancin shekaru shi ne abin da za a gani a taɓa. Takardun kuɗi darasi ne na mako biyu: Tafawa Ɓalewa a naira 5, Alvan Ikoku a 10, Murtala a 20 da Ladi Kwali mai ginin tukwane a bayanta, Awolowo a 100, Sardauna a 200, Azikiwe a 500. Kowane yaro ya zaɓi fuska ɗaya ya binciko mai ita gwargwadon ƙarfinsa. Taswirar jihohi ma haka: 12 a 1967, 19 a 1976, 36 a 1996, a nemo wace jiha ce ta haifi tamu.

Ziyara ɗaya ta fi babi uku zama a ƙwaƙwalwa. Akwai Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata da dutsen Dala a Kano, hasumiyar Gobarau a Katsina, Kusugu a Daura, Hubbaren Shehu a Sakkwato, Arewa House a Kaduna inda Sardauna ya zauna, da gidan adana kayan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952. A karanta abin da ya shafi wurin kafin a je, kowa kuma ya tafi da tambaya ɗaya. Sannan akwai kaka. Duk wanda ya haura shekara 70 ya ga yaƙin basasa da canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973 da fari da yunwar shekarun nan. Babban yaro ya shirya tambayoyi, na tsakiya ya riƙe waya ya naɗi murya, a yi da ladabi kuma kada a jinkirta, domin wannan ɗakin karatu ba ya jiran kowa.

Bidiyo da rubuce-rubucen intanet fa?

Tsofaffin hotuna da finafinan bikin 'yancin kai na 1960 da ake samu a YouTube suna da amfani ƙwarai, haka ma jin muryar Tafawa Ɓalewa da ta Malam Aminu Kano. Amma iyaye su fara kallo kafin yara. Dogayen rubuce-rubucen tarihi da ke yawo a Facebook da WhatsApp kuwa, waɗanda sau da yawa manufarsu ɗaukaka wata kabila ce ko ƙasƙantar da wata, ƙa'idarsu ɗaya ce: idan ba a faɗi littafi ko mutumin da aka samo maganar daga gare shi ba, ba ta shiga darasi. Hotunan da ake liƙa wa sarakunan da suka rayu kafin a ƙirƙiro kyamara zane ne na zamani, a gaya wa yara haka.

Babban yana ƙorafin an mai da shi ƙaramin yaro, ƙaramin kuma yana gundura. Yaya zan yi?

A taƙaita zaman haɗaka zuwa minti 20 ko 30, a sallami auta da aikin hannunsa, a ci gaba da manya. Babban kuma a ba shi matsayi irin na babban almajiri da ke biya wa ƙanana karatu: sau ɗaya a wata shi ne zai karanta babin ya ba ƙannensa labarin. Wanda ya iya bayyana wa mai shekara 6 dalilin hijirar Shehu daga Ɗegel zuwa Gudu ya fahimce ta da gaske. Amma kada a mai da shi malamin dindindin, domin yana bukatar nasa karatun mai zurfi da wanda zai yi muhawara da shi, kamar yadda aka nuna a misalin 1903.

Idan babban yana son ya rubuta tarihi a jarrabawar WAEC ko NECO, wannan tsari ya isa?

Ya ba shi tushe mai ƙarfi, amma bai isa shi kaɗai ba. Tun shekara biyu kafin jarrabawar a samo manhajar hukumar da tambayoyin shekarun baya, a gwada su da abin da aka karanta a ga inda giɓi yake. Galibi giɓin yana wajen tsare-tsaren mulki na 1922 da 1946 da 1951 da 1954, da tarihin al'ummomin yankin Neja Delta. Tun da da Turanci ake amsawa, ya saba da rubuta amsa mai shafi ɗaya ko biyu da Turanci kowane mako, ko da an tattauna batun da Hausa, ya kuma san sunayen wurare da mutane yadda ake rubuta su a harsunan biyu, domin kada ya ga Ilorin ko Alkalawa ko Kwararrafa cikin wani rubutu dabam ya ɗauka wani wuri ne.